Yadda Ake Bin Diddigin Cin Hancin 'Yan Doka Da 'Yan Sandan Zamanin Turawa A Kano

Ranar juma'ar da ta wuce da daddare ɗan yayata ya shigo min zaure da jaka a kafaɗa, ko zama bai yi ba ya ce Kawu ni fa na gaji, an ba ni furojet a kan cin hancin 'yan sanda a zamanin Turawa, kwana uku ina kan intanet har data ta ƙare ban ga komai a kan Kano ba, anya ma akwai cin hancin a lokacin kuwa? Na ce masa zauna tukunna ka sha ruwa. Akwai shi mana, sai dai ba a inda kake dubawa aka ajiye shi ba. Ni ma na bi wannan hanyar shekarun baya lokacin ina digiri na biyu, kuma abin da na faɗa masa a daren nan shi nake so in zuba a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai ɗalibai da 'yan jarida da ma waɗanda kawai suke son sanin abin da kakanninsu suka gani.

Kafin komai ka riƙe abu ɗaya a ranka. Takardun da za ka je ka karanta, waɗanda ake zargi ne da iyayen gidansu suka rubuta su. Talakan da aka karɓe wa sule biyu a bakin ƙofa bai rubuta komai ba, ya dai koma gida ya faɗa wa matarsa. Takarda ba ta cika maganar cin hanci ba sai in kuɗin hukuma ne ya salwanta, ko kuma manya sun sami saɓani wani yana neman ya kayar da wani. To duk aikinka daga farko har ƙarshe shi ne ka haɗa abin da takarda ta yarda ta faɗa da abin da bakin mutane ya riƙe, ka ga inda suka haɗu.

Matakin farko, kuma wallahi a nan mutane da yawa suke zamewa, ka san su wane ne ma kake bincike a kansu. A Kano ta lokacin Turawa ba rundunar tsaro ɗaya ba ce. Akwai dogarai, su tun kafin zuwan Turawa a watan Fabrairun 1903 suna nan, bayin sarki ne da yaransa, masu jan kaya da kore, kuma da Turawa suka naɗa Sarki Abbas sai suka bar su suna kamu suna tsaron gidan yari suna raka masu karɓar haraji. Daga baya cikin shekarun 1920 aka fara tsara wasu daban masu inifom da fareti da albashi daga baitulmali, aka kira su 'yan gadi, su ne suka zama 'yan doka, 'yan sandan En'e kenan, wato hukumar gargajiya ta sarki, shugabansu Wakilin Doka. Marigayi Ado Bayero ma ya riƙe wannan muƙamin daga 1957 zuwa 1962 kafin ya tafi jakadanci Senegal ya dawo ya zama sarki a 1963. Sannan ga 'yan sandan gwamnati, su na Bature ne kai tsaye, barikinsu a Bompai, su ne na Arewa da na Kudu aka haɗe a 1930 aka yi rundunar Najeriya guda mai hedikwata a Legas. Ɗan doka yana amsa wa Wakilin Doka da Sarki, ƙararsa gaban alƙali take zuwa. Ɗan sanda yana amsa wa hafsansa Bature, shari'arsa gaban joji. Ka ga kenan takardunsu ma ba wuri ɗaya suke ba. In ka cakuɗa su, za ka ɗora wa wannan laifin wancan, kuma duk wanda ya san tarihi yana buɗe aikinka zai ajiye.

Wurin ma yana da muhimmanci. Cikin birni hannun En'e ne. Sabon Gari da Nasarawa da Bompai da tashar jirgin ƙasa dabam suke, Sabon Gari sai a 1940 ya dawo ƙarƙashin En'e. Don haka in dattijo ya ce maka an kama babansa a Sabon Gari, tambayar farko ita ce kafin yaƙin Hitila ne ko bayansa.

Akwai kuma na huɗu da ba sa cikin kowace runduna amma sun cika takardun farko-farko, wato sojan gona. Mutum ya samo tsohuwar hula da wando, ko wata takarda mai rubutun boko da ba mai iya karantawa, ya shiga ƙauye ya ce Bature ne ya aiko shi, a ba shi kaji da dawa da kuɗi. Rahotannin shekara-shekara na zamanin Gwamna Lugga sun yi ta kuka da wannan. Ka ware su gefe, kada ka lissafa su cikin 'yan sanda, amma kuma ka tambayi kanka me ya sa ƙauye guda zai miƙa wuya don kawai an ga hula. Ai ruwa ba ya tsami banza, sun saba ne na gaskiyar ma haka yake yi.

Mataki na biyu ka rage bakin aikin. Daga 1903 zuwa 1960 shekara 57 ce, ba za ka iya ba, kada ka yaudari kanka. Ɗauki shekara goma ko sha biyar da unguwa ko harka ɗaya. Misali lokacin yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, sanda ake diban gwamna ana tura mutane haƙar kuza a Jos ana kuma ƙayyade farashi, duk inda aka ce za a ɗebi mutane da ƙarfi to akwai wanda zai biya don a tsallake ɗansa. Ko shekarun siyasa daga kafa jam'iyyar adawa ta NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 zuwa samun 'yanci. Ko ka bi harka guda kamar jangali, ko kasuwar Kurmi, ko lasin ɗin keke, ko masu giya da caca a bayan gari. Ni a ganina shekarun 1950 sun fi sauƙi ga mai farawa, don takardu sun fi yawa, jaridu sun fi baki, kuma har yanzu akwai sauran waɗanda suka gani da idonsu.

Na uku, kuma ni nan nake saɓa wa wasu malamai da suke cewa a fara da laburare, ka fara da tsofaffi. Fayil zai jira ka, tsoho ba zai jira ka ba. Wanda yake da shekara 15 a 1955 yanzu ya haura 80, kuma duk damina sai mun rasa wasu. Ka fara daga gidanku.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fara buɗe min ido. Ina zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale a faifai na ce Iya wai a da ana cin hanci? Ta ce a'a, mutanen da ai masu tsoron Allah ne. Na yi shiru. Can muna hirar babanta mai fataucin hatsi da jakai, sai ta ce kullum in zai shigo gari da asuba yakan ƙulle fataka ɗaya, wato sule biyu, daban a bakin rawaninsa, ba ya haɗa ta da kuɗin ciniki, ita ce ta mai kulki, in bai bayar ba sai a sauke kayan a ce za a duba, jakai su wuni a rana kasuwa ta tashi. Ta ajiye faifan ta nuna min da yatsunta yadda yake ƙullin. Na ce Iya to wannan ba cin hanci ba ne? Ta ce wannan ai na hanya ne. Na tambaye ta mai kulkin dogari ne ko ɗan doka ko ɗan sanda, ta ce ita dai mai kulki ta sani.

Abu biyu na koya a wannan zaman kuma su nake so ka ɗauka. Kada ka shiga da kalmar cin hanci ko rashawa, tana rufe baki, mutum zai ji kamar kana so ya zagi iyayensa ko sarakunansa. Ka tambayi yadda rana take tafiya. Baba in mutum zai shigo da kaya gari me yake tanada? In aka kama yaro da daddare ba fitila, ya ake yi a sako shi? Wa ake fara zuwa wajensa, mai unguwa ko wani? Nawa ake kaiwa, kuɗi ne ko kaza ko goro? In ba a kai ba fa? Sannan ka bar shi ya kira abin da sunan da ya sani, gaisuwa, goro, toshi, toshiyar baki, na hanya, ihsani, ka rubuta kalmar yadda ta fito daga bakinsa kada ka gyara. Abu na biyu ka tafi da hotuna. Ka je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ka nemi tsofaffin hotunan dogarai da 'yan doka da 'yan sanda, ka nemi izini ka ɗauka a waya, in ana hira ka nuna ka ce Baba irin wanne ne a nan. Sau da yawa hoton ne yake warware abin da tambaya ta kasa.

Ladabin zuwan ma ka kiyaye. Kada ka faɗa wa dattijo kai tsaye da waya a hannu, ka bi ta ɗansa ko limamin unguwa ko mai unguwa, ka je bayan la'asar ko da hantsi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka kai ɗan goro ko turare, ka ce Baba karatu ne ya kawo ni ina neman sanin yadda aka yi zaman da. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda kuma izinin ya shiga cikin rikodin. In kai namiji ne gidan da ba a shiga ka tura ƙanwarka ko matarka, don tsofaffin mata sun riƙe abin da maza suka manta, su ne ake karɓar 'yan kunnensu da tasoshinsu a kai jingina in za a fanso mai gida. Kuma ka nemi ɓangaren su 'yan dokan, 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a cikin gari, wasu har da takardar sallama ko lambar yabo ko hoton fareti a ƙasan adaka. Su ma suna da abin faɗa, albashin da ba ya isa, da na sama da yake jiran kasonsa duk wata. Zama ɗaya ba ya isa, na biyu ne ake sakin jiki.

Mataki na huɗu takardu, kuma ka fara da na gida kafin ka hau motar Kaduna. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana da tsofaffin takardun En'e da na lardi. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, nan ne wurin abin da ya shafi NEPU. Sai ɗakin ajiye kundayen digiri na sashen tarihi a Bayero da ABU Zariya, ka duba waɗanda suka riga ka, ba don ka kwafe ba, don ka ga lambobin fayil da suka ambata a ƙasan shafi, wannan kaɗai zai rage maka wahalar sati biyu. Littafin Tekena Tamuno na 1970 a kan tarihin 'yan sandan Najeriya zai ba ka ƙashin bayan shekaru da dokoki. Duk inda za ka ka tafi da takardar gabatarwa daga sashenku ko wurin aikinka da katin shaida, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a bakin ƙofa.

Babbar taskar dai tana Kaduna, wato Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, sai Arewa House. A can abu biyu za ka fi nema, KANOPROF wato fayilolin ofishin Razdan na lardin Kano, da SNP wato na sakatariyar lardunan Arewa. Za a ba ka littafin jerin fayiloli ka duba ka cike takardar buƙata. To a nan ne ake shan mamaki, don da wuya ka ga fayil da aka rubuta cin hancin 'yan doka ɓaro-ɓaro a bayansa. Da Turanci aka yi jerin, sai ka bi kalmomin da su suke amfani da su, extortion da bribery da embezzlement da personation da dismissal da petition da complaints, sannan dogarai da yan gadi da yan doka yadda Bature ya rubuta su ko da kuskure. Ka nemi rahoton shekara na lardin Kano na duk shekarun da ka zaɓa, akwai sashen 'yan doka da gidan yari da kotuna a ciki. Ka nemi rahoton rangadin Di'o, da takardar miƙa aiki da wani Bature yake bar wa wanda zai gaje shi, a nan suke faɗa wa junansu gaskiyar da ba sa sawa a rahoton da zai tafi sama.

Yadda ake karanta fayil ɗin kansa sana'a ce. Za a kawo maka shi bango ya yi ruwan ƙasa, igiya ta ratsa kusurwa, allurar da aka maƙala takardu ta yi tsatsa ta ci gefen shafi, in ka ɗaga da gaggawa sai ya ɓare a hannunka, don haka a hankali, da busasshen hannu, kuma fensir kawai. Kada ka fara da wasiƙun da aka buga da tafireta. Ka fara da shafukan gaba, wato waɗanda ma'aikata suke rubuta wa juna gajerun bayanai da hannu, kowa ya sa harufan sunansa da kwanan wata. Wasiƙa tana faɗin abin da aka yanke, waɗannan shafukan su ne suke nuna yadda aka yanke, wa ya ce a bincika, wa ya ce a bar maganar kada a ɓata wa Sarki rai, kwana nawa ƙara ta yi a kan tebur. Ka duba lambar shafuka, in daga 14 aka tsallaka 19 ka rubuta cewa akwai giɓi. In ka ga takardar ƙara da ajami ko Larabci an liƙa fassarar Turanci a bayanta, don Allah kada ka tsaya kan fassarar, ka ɗauki hoton asalin ka kai wa malamin da ya iya ajami ya karanta maka, ka gwada su. Tafinta da masinja su ne ƙofar Bature, abin da suka ga dama shi yake shiga kunnensa, kuma su kansu an sha zarginsu da karɓa. Wani lokaci mai ƙara ya ambaci suna a ajami fassara ta ce wani mutum.

Duk hoton da ka ɗauka ka fara da bangon fayil mai lamba, sannan shafukan, da daddare a masauki ka juye su a kwamfuta da filashi ka sa wa kowace folda lambar fayil ɗin. Ni na taɓa ɗaukar shafi sama da ɗari ban ɗauki bangon ba, na dawo Kano na rasa daga ina suka fito, dole na sake komawa, kuma abin ya yi min ciwo sosai don kuɗin motar rance ne.

Rijistar kotunan alƙalai da ta majalisar Sarki ma wuri ne mai albarka in ka samu, da Larabci aka rubuta yawancinsu. Na zamanin Sarki Abbas na 1913 da 1914 wani masani Allan Christelow ya fassara wasu ya buga, ko su ka karanta za ka ga yadda dogari yake fitowa a shari'a, wani lokaci mai kamu, wani lokaci shaida. In kuma kana da mai taimaka maka a Ingila, taskar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew tana da CO 446 na Arewa kafin haɗewar 1914 da CO 583 na Najeriya, jerin sunayen fayilolin kyauta ake duba shi a intanet.

Na biyar ka bi kuɗin. Ka nemi kasafin kuɗin En'e ta Kano na shekarunka, a ciki akwai adadin 'yan doka da albashin kowane muƙami. Ka koyi lissafin kuɗin da, fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, sisi kwabo 6, taro kwabo 3, nai kwabo 9, fataka sule 2, sai a 1973 aka koma naira da kwabo. Kada ka ɓata lokaci kana juya su zuwa nairar yau, ba ya nuna komai. Ka gwada su da abin lokacin, kuɗin harajin mutum ɗaya a shekara, farashin buhun gero ko tan ɗin gyaɗa, ladan lebura na yini, duk suna cikin rahoton lardi. Sai a lokacin fatakar da baban kakata yake ƙullewa a rawani za ta yi magana, ka ga kwana nawa na guminsa ke nan, ka kuma ga kashi nawa ne na albashin mai karɓar. Sannan ka ƙirga waɗanda aka kora ko aka ci tara ko aka ɗaure shekara bayan shekara. Amma ka yi hattara da wannan adadin, shekarar da aka kori mutum da yawa ba lallai ita ce aka fi ci ba, ta yiwu sabon Bature ne ya zo da zafi ko an canja Wakilin Doka ana share mutanen na da. Shekarar da ba a kori kowa ba kuwa ita ce ma ta fi cancantar ka tsaya a kanta.

Na shida jaridu da muhawarar majalisa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ka duba wasiƙun masu karatu musamman, amma ka tuna ta gwamnati ce akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Nigerian Citizen ta zo a 1948. Daily Comet da ake bugawa a nan Kano da West African Pilot ta Zik su kuma suna ɓangaren masu adawa, nan za ka ga koken 'yan NEPU a kan kamu da duka da hana izinin lacca. A majalisa, a Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin a gyara tsarin En'e, a 1952 Sarkin Gwandu ya kawo batun cin hanci da rashawa a majalisar sarakuna, ka ga kenan su kansu na sama sun san abin yana nan. Akwai rahoton rikicin Kano na Mayun 1953, da rahoton hukumar Willink na 1958 a kan koken ƙananan ƙabilu da ya taɓo batun 'yan sanda. Binciken da wani Bature Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963 bayan 'yanci ne, amma abin da ya tono tushensa yana baya, ka leƙa shi.

A nan ina so in ja kunnenka, ko da gidanku gidan Sawaba ne, wato na 'yan NEPU, kamar namu. Ka raba cin hanci da danniyar siyasa. Ɗan dokan da ya kama mai lacca saboda an umarce shi daga sama abu ɗaya ne, wanda ya karɓi sule biyar ya sake shi abu ne daban, ko da mutum ɗaya ne ya yi duka biyun a dare ɗaya. Kuma zargi a jarida zargi ne, ba hukunci ba. Haka yabon da Razdan zai yi a rahoto cewa 'yan doka sun yi aiki mai kyau bana, shi ma ba shaida ba ne, mutum ne yake kare tsarin da shi ya gina, don mulkin Turawa ta hannun sarakuna araha yake nema, kuma abin da baitulmali bai biya ba a jikin talaka ake fanshe shi.

Na bakwai shi ne haɗawa. Ka buɗe babban littafi ko tebur a kwamfuta, kowane lamari layi ɗaya, shekara, wuri, wace runduna, muƙamin wanda ake zargi, me aka karɓa, daga hannun wa, wa ya kai ƙara, gaban wa, me aka yanke, daga ina ka samo. Sai ka sa wa kowanne alama. Wanda kotu ko hukuma ta tabbatar daban, wanda aka yi zargi ba a gama ba daban, wanda baki ɗaya ne kawai ya faɗa daban. Ƙa'idata ita ce ba na cewa abu ya zama ɗabi'a sai na same shi ta hanya biyu da ba su san juna ba, misali tsohuwa a Dala da fayil a Kaduna, ko dattawa biyu da ba unguwarsu ɗaya ba. In ka cika layi talatin ko arba'in za ka fara ganin abin da ba wanda ya rubuta, wace ƙofa, wane wata, lokacin kakar gyaɗa ne ko lokacin jangali, ƙananan ne kullum ake kora manya suna nan. Daga nan sai ka koma wajen tsofaffin nan da abin da ka samo, ka ce Baba na ga an rubuta kaza, haka ne? A wannan zagayen na biyu ake samun mafi kyawun bayani, don yanzu ya ga ka san wani abu.

Sai rubutu. Kano gari ne da kowa ɗan'uwan kowa ne, jikan mutumin da ka gani a fayil watakila shi yake jan ku sallah. Wanda kotu ta yanke wa hukunci kuma yana cikin takardar hukuma kana iya ambatarsa in akwai buƙata, amma wanda zargi ne kawai ko hira ce ta kawo sunansa ka sa muƙaminsa da shekara ka wuce, wani kofur na 'yan doka a 1954 ya wadatar. Wanda ya ba ka hira ka tambaye shi ko yana so a sa sunansa, in ya ce a'a to a'a ne ko bayan ransa. Ka rubuta kalmomin Hausa yadda aka faɗe su, ka bambance wa mai karatu inda gaisuwar al'ada ta tsaya da inda ƙwace ya fara, ma'aunin da ni nake amfani da shi shi ne me zai sami mutum in bai bayar ba. Ka kuma nuna ƙarshen rundunar, bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke a narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya, aka yi hakan a ƙarshen shekarun 1960 lokacin Audu Bako, wanda shi kansa ɗan sanda ne, yana gwamnan sabuwar Jihar Kano, don haka wasu takardun ma'aikatan can suka bi.

In ka gama kada rikodin hirarrakin su mutu a wayarka. Ka juye su wuri biyu, ka rubuta su a takarda da Hausa yadda aka faɗa, ka kai wa iyalan kowane dattijo nasu kwafin, wani kuma ka ajiye a sashenku in masu hirar sun yarda. Ɗan yayata dai ya zaɓi 1950 zuwa 1960 da harkar shigo da kaya kasuwar Kurmi, na ba shi tsohon littafina na lambobin fayil, kuma ranar asabar da hantsi zan raka shi wajen wani dattijo tsohon ɗan koli a Jakara da ya ce mu zo kafin rana ta yi zafi.